Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ƙungiyoyin Ƙwadago, Na Ɗalibai Da Na Farar Hula Kan Waƙar Haɗin Murya

Masu girma shugabanni,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne a matsayina na wanda ya shafe sama da shekara ashirin yana koya wa mutane rera waƙa tare, wato aikin tara mutum talatin ko hamsin a ɗaki guda, a raba musu muryoyi, a yi ta bita har su iya ɗaukar baiti ɗaya da numfashi ɗaya. Ni ma ɗan ƙungiya ne mai biyan kuɗin ƙungiya duk wata, saboda haka abin da zan faɗa koke ne na ɗan gida. Kokena shi ne kun bar wani makami da magabatanku a wannan gwagwarmaya suka riƙe hannu bibbiyu ya yi tsatsa, kuma ba ku ma lura da cewa ya ɓace daga hannunku ba.

A jerin gwano na ƙarshe da na halarta, an ɗauko hayar wata mota aka jibga mata manyan lasifikoki, wani saurayi yana sako waƙoƙin da aka naɗa, mu kuma muna biye da motar, rabinmu sun ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto. Daidai lokacin da muka iso inda jami'an tsaro suka ja layi suka tare hanya, sai injin da ke ba lasifikokin wuta ya mutu. Wurin ya yi tsit, har ana jin ƙarar takalman jami'an. Na ga wani matashi kusa da ni ya sauke allonsa a hankali, ya jingina shi da ƙafarsa, ya fara waige yana neman hanyar fita. Sai wata dattijuwa da ke gabana, wadda ta yi ritaya daga aikin jinya, ta ɗaga murya ta ɗauko wata tsohuwar waƙar ma'aikata. Mutum biyar ko shida ne suka amsa mata, sauran suna motsa leɓe kawai don ba su san kalmomin ba, kuma kafin ta kai baiti na biyu waƙar ta mutu a bakinta. Cikin kwata ɗaya na awa rabin taron ya watse ba tare da an harba ko da hayaƙi mai sa hawaye ba. Na koma gida da baƙin ciki, domin na san abin da ya rasa a wurin abu ne da ake iya koyarwa, kuma ba a koyar da shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, waƙar da za ta tsayar da taro a gaban tsoro kuwa sai an yi shekaru ana bitarta a ranakun da babu abin da ke faruwa.

Ku dubi Estoniya, ƙaramar ƙasa a gaɓar tekun Baltik wadda mutanenta ba su wuce miliyan ɗaya da rabi da ɗoriya ba a ƙarshen shekarun 1980. Duniya ta san abin da ya faru a can da sunan juyin juya halin waƙa, kuma hoton da aka fi nunawa shi ne na ranar 11 ga Satumba 1988, lokacin da mutane kimanin 300,000 suka cika filin bikin waƙa na birnin Tallinn suna rera waƙoƙin kishin ƙasa, suna neman 'yanci a bainar jama'a alhali ƙasar tana cikin Tarayyar Sobiyet. Mai kallon hoton zai zaci abin daga sama ya faɗo. Tushensa yana can a 1869, shekarar da ɗan jarida Johann Voldemar Jannsen ya shirya bikin waƙa na farko a garin Tartu, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin sarkin Rasha, manyan gonaki kuma suna hannun iyayen giji Jamusawa. Mawaƙa da makaɗan da suka halarta ba su kai dubu ɗaya ba, kuma duk maza ne. Amma daga wannan shekara al'umma ta kama ɗabi'ar da ba ta sake saki ba, ta yadda kusan kowane ƙauye da makaranta da masana'anta suna da ƙungiyar mawaƙa, kuma duk bayan 'yan shekaru ƙungiyoyin su haɗu a fili guda su rera waƙoƙi iri ɗaya da kowa ya haddace tun daga gida.

Da Sobiyet ta mamaye ƙasar a 1940, ta kuma sake dawowa a 1944, ba ta hana bikin ba, domin ta ga ya fi mata riba ta mallake shi ta cika jerin waƙoƙinsa da yabon jam'iyya da shugabanninta. Mawaƙan suka rera abin da aka ɗora musu. Sai dai a bikin 1947 jagoran waƙa Gustav Ernesaks ya shigar da wata waƙar ƙaunar ƙasar haihuwa wadda ya yi wa kari daga baitocin Lydia Koidula, 'yar wannan Jannsen ɗin da ya fara bikin, kuma waƙar ta zama taken ƙasa na ɓoye a zukatan mutane. Daga baya hukuma ta cire ta daga jerin waƙoƙin biki, amma a bikin 1960 da aka kammala abin da ke rubuce a takarda sai mawaƙan suka ƙi sauka daga dandamali, su da 'yan kallo suka tayar da ita da kansu, babu mai jagoranci, har aka ƙyale Ernesaks ya hau ya ja ragamarta. Wane jami'i ne zai iya kama dubun dubatar mutane saboda waƙa, kuma wa zai fara kamawa alhali babu wanda za a nuna a ce shi ya fara?

Abin da nake so ku lura da shi a nan shi ne kowace ƙungiyar mawaƙa ƙungiya ce cikakkiya, mai rajistar mambobi, da ma'aji, da ranar haɗuwa, da wanda ke shirya mota idan za a yi tafiya, da mutanen da suka san gidajen juna, suka halarci jana'izar iyayen juna. Mutanen da suka saba da irin wannan tsari tsawon shekara ɗari da ashirin su ne, tare da maƙwabtansu na Latbiya da Lituweniya masu irin wannan al'ada ta bikin waƙa, suka iya jera mutum kimanin miliyan biyu riƙe da hannun juna a kan hanya mai tsawon sama da kilomita 600, daga Tallinn zuwa Riga zuwa Vilnius, manyan biranen ƙasashen uku, ranar 23 ga Agusta 1989. Ba zan yaudare ku in ce waƙa ce ta rushe Tarayyar Sobiyet ba. Tattalin arzikinta ya riga ya durƙushe, manufofin shugabanta Gorbachev sun sassauta igiya, kuma a Janairun 1991 sojoji sun kashe fararen hula 14 a Vilnius duk da cewa jama'ar da ke wurin ba su riƙe da makami. Waƙa ba ta tare harsashi. Abin da ta yi shi ne ta ajiye al'umma a haɗe kuma a shirye, ta yadda da ƙofa ta buɗe a watan Agustan 1991, akwai mutanen da suka san juna tsaye a bakinta.

A Afirka ta Kudu, waƙar da ta fi kowace tsayawa wa masu yaƙi da wariyar launin fata a ajin makaranta aka haife ta. Enoch Sontonga malami ne a wata makarantar mishan kusa da Johannesburg, kuma a 1897 ya tsara Nkosi Sikelel' iAfrika domin ɗalibansa su rera. Ƙungiyar mawaƙan makarantar Ohlange ta John Dube ce ta yi ta yawo da ita gari gari, aka rera ta a taron kafa ƙungiyar da daga baya ta zama ANC a Bloemfontein a 1912, sannan a 1925 ƙungiyar ta mai da ita waƙar rufe tarukanta. Sontonga ya rasu a 1905 bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, balle ya san karin waƙarsa zai zama taken Tanzaniya da Zambiya, ya kuma shiga taken ƙasarsa bayan 1994. Ranar 9 ga Agusta 1956 mata kimanin 20,000 sun yi tattaki zuwa fadar gwamnati a Pretoria don ƙin dokar takardar izinin zirga-zirga, suka tsaya shiru na rabin awa, sannan suka ɓarke da waƙa. Duk wanda ya taɓa jagorantar taro ya san cewa tsayar da mutum dubu ashirin shiru ya fi sa su ihu wahala, kuma horo ɗaya ne ke haifar da shirun da waƙar.

Ku shugabannin ƙwadago musamman ina so ku riƙe sunan Vuyisile Mini. Jagoran ma'aikatan tashar jiragen ruwa ne a Port Elizabeth, mawaƙi mai kakkaurar murya, wanda ya tsara waƙoƙin gwagwarmaya da dama, kuma bai ga wani bambanci tsakanin shirya yajin aiki da koya wa ma'aikata waƙa ba. An rataye shi a kurkukun Pretoria ranar 6 ga Nuwamba 1964 tare da abokan gwagwarmayarsa biyu, kuma Ben Turok, wanda ke tsare a kurkukun a lokacin, ya ba da shaidar cewa suna waƙa aka tafi da su. Mutum irin wannan shi ne ya riƙe kujerar da kuke kai a yau.

Tarihin baƙaƙen fatar Amurka ya nuna yadda waƙa ke tafiya daga hannu zuwa hannu idan akwai masu kula da ita. Tun a 1871 ɗaliban jami'ar Fisk da ke Nashville, waɗanda yawancinsu an haife su cikin bauta, suka fita yawon rera waƙoƙin da iyayensu suka yi a gonakin bayi domin ceto makarantarsu daga rufewa, suka kai har gaban Sarauniya Biktoriya ta Ingila a 1873, suka tara kuɗin da aka gina babban ginin da har yau yake tsaye a jami'ar. Waƙar nan We Shall Overcome (wato "za mu yi nasara") kuwa, wadda ta zama taken neman 'yancin baƙaƙen fata, daga bakin ma'aikata ta fito. A yajin aikin masana'antar sigari na Charleston a 1945 zuwa 1946, ma'aikatan, waɗanda mafi yawansu mata ne, sun ɗauko wata tsohuwar waƙar coci suna rufe zaman kowace rana da ita, kuma a bakinsu kalmar "ni" da ke cikinta ta koma "mu". Wasu daga cikinsu suka kai ta makarantar Highlander da ke Tennessee, inda ake horar da 'yan ƙwadago, wadda take da wata ma'aikaciya, Zilphia Horton, da aikinta shi ne tattara waƙoƙi da koyar da su. Daga nan wani mawaƙin makarantar, Guy Carawan, ya koya wa ɗaliban da suka taru a garin Raleigh a Afrilun 1960 don kafa ƙungiyarsu ta SNCC. A 1961 matasan da aka kulle a kurkukun Parchman na Mississippi saboda sun ƙi bin dokar wariya a motocin haya sun yi ta waƙa har gandirobobi suka kwashe musu katifu don su yi shiru, suka kwana a kan ƙarfe suka ci gaba. Ranar 15 ga Maris 1965 shugaba Lyndon Johnson ya furta kalmomin waƙar a gaban majalisar dokoki yana neman a zartar da dokar 'yancin zaɓe, aka kuwa sa mata hannu a watan Agustan shekarar. Shekara ashirin ke nan tsakanin ƙofar masana'anta da zauren majalisa, kuma a kowane zango akwai wani da ya zauna ya koya wa wani.

Zan so ku shigo ɗakin bita ko da sau ɗaya ku ga yadda abin yake aiki. Sabon shiga yakan zo yana jin kunya, yana cewa shi ba shi da murya, ya zauna can baya yana waƙa a ciki. Nakan ajiye shi tsakanin mutum biyu da suka iya, in ce masa kada ya yi ƙoƙarin jin kansa, ya saurari na damansa da na hagunsa. Bayan mako uku ko huɗu za ka ga kafaɗunsa sun sauka, ya fara jan numfashi daidai lokacin da sauran suke ja ba tare da an ce masa komai ba. Masu bincike a jami'ar Gothenburg ta Suwidin sun nuna a 2013 cewa bugun zuciyar masu rera waƙa tare yakan riƙa hawa da sauka tare, saboda numfashinsu ya zama ɗaya, kuma mu da muke wannan aiki mun daɗe muna ganin haka a fuskokin mutane. Darasin da ya fi wuya shi ne na mai zaƙin murya, wanda dole ya koyi rage muryarsa don kada ya danne na kusa da shi, da kuma na masu riƙe muryoyi daban daban, waɗanda kowannensu zai tsaya a kan nasa layi alhali kunnensa yana jin wani layin dabam. Mai shara da akanta, sabon ɗalibi da malaminsa, duk a sahu ɗaya suke tsayawa, kuma wanda ya yi kuskure ana jin kuskurensa komai girman muƙaminsa. Ban san wani wuri da ake koyon zama ɗan ƙungiya a aikace kamar wannan ɗaki ba. Mutumin da ya yi shekara biyu a cikinsa, ranar da ya tsaya gaban layin jami'an tsaro ya ji muryar na kusa da shi tana rawa kamar tasa amma ba ta yanke ba, zai yi wuya ya ajiye allonsa ya tafi.

Wajibi ne in faɗa muku cewa wannan wuƙa mai baki biyu ce. Masu mulkin kama-karya sun san ƙarfinta sarai. Da 'yan Nazi suka karɓi mulki a Jamus a 1933, cikin abubuwan da suka rushe da wuri har da tarayyar ƙungiyoyin mawaƙan ma'aikata da aka kafa tun 1908, sannan suka cika makarantu da sansanonin matasa da nasu waƙoƙin, yara suna rera ƙiyayya da muryoyi masu daɗi. A Ruwanda gidan rediyon RTLM ya yi ta saka waƙoƙin Simon Bikindi a lokacin kisan kiyashin 1994, kuma a 2008 kotun ƙasa da ƙasa ta ɗaure shi shekara 15 saboda jawabin tunzura kisa da ya yi ta lasifika, bayan ta tabbatar cewa wasu daga waƙoƙinsa sun rura wutar ƙiyayya. Har yanzu ma hukumomi ba su daina tsoron waƙa ba, domin a watan Mayun 2024 wata kotu a Hong Kong ta amince da buƙatar gwamnati ta taƙaita rerawa da yaɗa waƙar da masu zanga-zangar 2019 suka riƙa taruwa suna rerawa a manyan kantuna. Ma'aunina a nan shi ne a tambayi wa ya mallaki waƙar da kuma abin da take nema. Waƙar da mutane suka tsara da kansu game da albashinsu, da lafiyarsu a wurin aiki, da ilimin 'ya'yansu, da mutuncinsu, ita nake kira gare ta. Wadda aka sauko da ita daga sama don a yabi wani mutum ko a zagi wata ƙabila ko wani addini, ko da ku ne kuka sauko da ita, ita ce wadda ya kamata a rufe wa ƙofa.

Saboda haka ga abin da nake roƙonku. Kowane reshe ya ware yamma ɗaya a mako da ɗaki ɗaya don bitar waƙa, a kuma rubuta shi cikin kasafin kuɗin shekara kamar yadda ake rubuta kuɗin buga takardu, domin abin da ba ya cikin kasafi yakan mutu ranar da mai sha'awarsa ya gaji. Kuɗin da kuke biya na hayar lasifikoki a taro guda zai iya ɗaukar nauyin mai koyarwa na tsawon lokaci, ga shi kuma waƙar haɗin murya ba ta buƙatar kayan kiɗa ko wutar lantarki. Kada a yi wa kowa jarrabawar murya a bakin ƙofa, domin ba gasa za a shiga ba. A nemi mambobi su rubuta baitoci da harshen da suke magana da shi a wurin aiki, da amshi gajere wanda baƙo zai kama a ji na biyu, a tsayar da waƙoƙi kamar goma waɗanda duk rassa za su haddace, ta yadda ranar da aka haɗu a babban taro wanda ya zo daga nesa zai buɗe baki tare da na kusa. A buɗe kowane taro da waƙa a rufe shi da waƙa, ko da mutum goma sha biyu ne suka halarta.

Akwai sharaɗi guda da na san zai yi wa wasunku nauyi. Kada ƙungiyar mawaƙan ta zama kayan ado da ake fito da ita ranar da babban baƙo ya zo, ta yi masa kirari ta koma, kuma kada a saka sunan wani shugaban ƙungiya a cikin baiti, domin shugabanni suna sauka, wasu ma suna sauya sheƙa, waƙar da ke ɗauke da sunansu kuwa tare da su take faɗuwa. Ku da kanku ku sauko daga kan dandamali ku shiga sahu, mai koyarwa ya gyara muku kuskure a gaban waɗanda kuke shugabanta. Mambobinku za su amince da ku fiye da yadda dogon jawabi zai sa su amince.

Bayan wancan jerin gwano na nemi dattijuwar nan har na same ta. Tana tuna waƙoƙi bakwai daga zamanin da take aiki, waɗanda ta ce a da ko a motar zuwa taro ake rera su. Na zauna da ita sau uku, na rubuta kalmomin huɗu, na naɗi muryarta a waya, sauran ukun kuma akwai baitocin da suka kuɓuce mata, tana cewa wata abokiyar aikinta ce ta fi ta riƙe su, ita kuwa ta rasu bara. A kowane reshe naku akwai tsofaffi irinta, kuma ina roƙon ku tura matasa su zauna da su tun suna raye. Waƙoƙi huɗun nan suna hannuna, na raba musu muryoyi, sun shirya. Duk reshen da ya samar da ɗaki da mutum ashirin, zan zo in koyar da bita ta farko ba tare da an biya ni ba, kuma na yi wa dattijuwar alkawarin zan ɗauko ta ta zauna a gaba ta ji an kai waƙarta har baiti na ƙarshe.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin waƙa kuma ɗan ƙungiya